Shin Laifi Ne Kirista Ya Tambayi Fasto Bayan Wa'azi? Darasi Daga Bani Malik

 Maganar da zan yi a yau ta cikin gida ce, wato ta shafi mu mabiya Almasihu da ke sujada da harshen Hausa, amma na zaɓi in kawo ta wannan shafi ne domin na san da yawa daga cikinmu suna karanta shi, kuma 'yan'uwanmu Musulmi ma ba za su rasa abin tsinta a ciki ba, tunda unguwa ɗaya muke, kasuwa ɗaya muke ci.

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne wani ƙanena, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda neman abinci ya kai shi birnin Jidda ta ƙasar Saudiyya, ya yi shekaru yana haya a unguwar Bani Malik. Duk wanda ya san Jidda ya san cewa Bani Malik a wancan lokacin tana cikin tsofaffin unguwannin talakawa da baƙi daga ƙasashe daban-daban suka cika, har da mutanenmu Hausawa. Ya ce mini bai taɓa kewar tuwo ko waina ba a can, kuma maƙwabtansa Hausawa Musulmi sun riƙe shi da amana, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi su ne suka yi ta ɗawainiya da shi. Ya dawo gida ne a 2022, bayan rusau ɗin da hukumomi suka yi wa unguwanni da dama na Jidda tun daga ƙarshen 2021 ya iso unguwar tasu.

Kamar yadda kowa ya sani, babu ginin coci ko ɗaya a Saudiyya, dokar ƙasar ba ta yarda wanda ba Musulmi ba ya yi ibadarsa a bainar jama'a ba. Ba wannan doka na zo yin sharhi a kanta ba, kowace ƙasa da tsarinta. Abin da ya sa na ambace ta shi ne mai karatu ya gane halin da baƙin ma'aikata Kiristoci ke ciki: in za su yi addu'a tare, to a cikin ɗaki ne, ƙofa a rufe, murya ƙasa-ƙasa. Ko hakan ma ba ya rasa hatsari, domin a watan Disamba na 2011 an kama Habashawa Kiristoci 35, akasarinsu mata, suna addu'a a wani gida a Jidda, aka tsare su watanni kafin a mayar da su ƙasarsu a 2012. An dai samu sassauci tun 2016 da aka karɓe ikon kame daga hannun 'yan Hisbar ƙasar, amma har yanzu a ɗaki ake haɗuwa.

To, ƙanen nawa ya ce su bakwai ne ko takwas suke haɗuwa ran Juma'a, tunda ita ce ranar hutu. Akwai 'yan Nijeriya, da wani mutumin Gana, da Bahabashe ɗaya, da wani ɗan Filifin. Babu fasto a cikinsu, babu bagadi, babu lasifika, babu ganga, babu kwanon baiko. Kowane mako mutum ɗaya ne zai karanta nassi ya faɗi abin da ya fahimta, bai wuce minti goma sha biyar ba. Da ya gama sai a shiga tambaya. Wannan ya ce, "Ɗan'uwa, a wace aya ka ga haka?" Wancan ya ce, "Karanta mana abin da ke gaba da ita da abin da ke bayanta." In mai magana ya kasa nuna inda ya samo batunsa, sai ya ce ya janye, a yi dariya a wuce, mako mai zuwa ya dawo da shiri.

Ya ba ni labarin wata rana da shi kansa ya yi magana a kan yafe wa juna. Ya ce ya yi ta zuba har yana jin daɗin kansa, sai mutumin Gana ɗin nan, wanda ya girme su duka, ya dube shi ya ce, "Ƙanena, maganarka ta yi kyau. To yaya batun abokin aikinka da ka ce ya ci maka Riyal ɗari uku, wata huɗu ke nan ba ka amsa gaisuwarsa?" Ya ce ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma kafin Juma'a ta zagayo ya je ya nemi mutumin sun shirya, domin ya san za a sake tambayarsa. Ya ce mini, "Yaya, wallahi abin da na koya a ɗakin nan cikin shekara shida ya fi abin da na koya a shekara ashirin ina zaune a benci a gida."

Wannan kalma tasa ta tsaya mini a rai, kuma abin da ya faru bayan dawowarsa ya ƙara mata nauyi. Wata Lahadi muka je sujada a wata majami'a da ba zan ambaci sunanta ba, aka gayyato baƙon mai wa'azi. Ya yi sa'a guda da rabi yana nanata cewa duk wanda ya "shuka iri" na kuɗi a ranar, Allah zai ninka masa sau ɗari kafin wata ya ƙare, wanda kuma ya riƙe hannunsa shi ya jawo wa kansa talauci. Na ga wata gwauruwa da na sani, mai 'ya'ya huɗu, ta kwance bakin zanenta ta juye kuɗin da na tabbata na cefane ne. Bayan an tashi, ƙanena ya bi dattawa ofis cikin ladabi, ya gaishe su, ya ce, "Baba, don Allah ina da tambaya. Misalin mai shuka da aka karanta mana, ai Yesu da kansa ya fassara shi, ya nuna cewa irin maganar Allah ce. Ta yaya ya koma kuɗi?" Amsar da ya samu ita ce, wai zaman ƙasar waje ya sa masa girman kai, kuma ya yi hattara da taɓa shafaffen Allah. Babu wanda ya buɗe Littafi. Watan ya ƙare, gwauruwar nan kuwa ni na san wanda ya ranta mata kuɗin makarantar yara.

Jama'a, a nan ne nake ganin mun yi sake. Waɗanda ba su da coci, ba su da fasto, suna bincike suna girma, mu kuma da Allah Ya ba mu 'yancin gina majami'u, da makarantun tauhidi irin su Kwalejin Bukuru da aka buɗe a 1959 da ta Kagoro, da Littafi Mai Tsarki a cikin harshenmu har a wayar hannu, mun zama 'yan amshin Shata. Duk abin da aka faɗa daga kan bagadi sai mu ce "Amin", ko mun gane ko ba mu gane ba, ko yana cikin Littafi ko ba ya ciki.

Abin mamaki shi ne, Littafin da muke riƙe da shi bai koya mana haka ba. A Ayyukan Manzanni sura 17, an yaba wa mutanen Biriya ne saboda bayan sun saurari Manzo Bulus da zuciya ɗaya, sai su koma kullum su duba Nassosi su ga ko abin da ya faɗa haka yake. Bulus fa ake magana, ba wani baƙon mai wa'azi ba, kuma ba a ce sun yi masa rashin kunya ba. A sura 18 ga Afolos, gwanin magana, masanin Nassi, amma da Bilkisu da mijinta Akila, masu sana'ar ɗinkin tanti, suka ji akwai giɓi a koyarwarsa, sai suka ja shi gefe suka cike masa, shi kuma ya karɓa. A Galatiyawa sura 2 Bulus ya ba da labarin yadda ya tsaya gaban Bitrus a Antakiya ya nuna masa kuskurensa ido da ido, alhali Bitrus ya riga shi zama manzo. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa sura 14 ya tsara cewa in wasu suna magana a taro, sauran su auna abin da ake faɗa. Manzo Yahaya ma ya gargaɗe mu a kan gaskata kowane mai da'awar ruhu ba tare da gwaji ba.

Ita kuwa ayar nan ta Zabura 105 da ake yi mana barazana da ita, duk wanda ya karanta surar daga farko zai ga cewa labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake bayarwa, lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo a ƙasashen mutane, Allah Yana gargaɗin sarakuna kada su cuce su. Maganar cutarwa ake yi, ba maganar tambaya ba. In da tambaya ko gyara taɓa shafaffe ne, da Annabi Natan ne farkon mai laifi, tunda ya shiga har fada ya gaya wa Sarki Dawuda abin da ya aikata.

Ko tarihinmu na nan gida muka duba, da tambaya aka fara. Likita Walter Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905 yana aiki da 'yan tsirarun mutane, sai wajen 1913 zuriyar mutanen nan da ake kira Isawa suka zo wurinsa da tambayoyin da suka gada daga iyayensu game da Annabi Isa, daga nan aka kafa zangon Gimi, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929. Da aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, iyayenmu a ƙauyukan Katsina da Kano da Zazzau da Bauci da Filato sun shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurarsu domin kawai su iya karanta shi da idonsu. Da niyyarsu su dogara da bakin mai wa'azi kaɗai ce, me zai kai su wahalar koyon baƙi da wasali? A shekarun 1960 kuma, shirin Sabon Rai Don Kowa ya bazu ne ta hanyar ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, inda manomi da ɗan kasuwa da matar aure kowa ke buɗe baki. Haka nan marigayi Dokta Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya riƙe babban sakataren ECWA kafin ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka, bai ji nauyin ƙalubalantar manyan malaman tauhidi irin su John Mbiti da Bolaji Idowu a rubuce ba kafin rasuwarsa a 1975. Har yau ana muhawara a kan wa ya fi gaskiya a cikinsu, kuma muhawarar ta amfani ikkilisiya.

Wani zai ce ai abin bai kai a ɗaga murya ba. To bari mu tuna inda rufe baki ya kai wasu. A watan Maris na 2000, a Kanungu ta ƙasar Uganda, mutum fiye da 700 suka hallaka a hannun shugabannin wata ƙungiya da suka yi musu alkawarin tashin duniya. A nan Nijeriya, a 2007 wata kotu a Legas ta yanke wa mai wa'azin nan da aka fi sani da Rabaran King hukuncin kisa saboda cinna wa mabiyansa wuta har ɗaya ta mutu, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a 2016. A Afirka ta Kudu an ga fasto yana fesa wa mabiyansa maganin ƙwari a fuska da sunan warkarwa, har kotu ta same shi da laifi a 2018. A watan Yuli na 2022 'yan sanda a Jihar Ondo suka fito da mutum 77, ciki har da yara ƙanana, daga ɗakin ƙarƙashin wata coci inda aka ajiye su suna jiran dawowar Almasihu. Sannan a 2023 aka tono gawarwaki fiye da 400 a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, na mutanen da aka ce su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu, hukumomi kuma suka gurfanar da jagoransu Paul Mackenzie a kotu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faro da kisa. Da ƙaramar koyarwa karkatacciya aka fara, wadda da an samu mutum biyu ko uku sun ce "a wace aya?" tun ranar farko, da wataƙila ba a kai ga kabari ba. Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ban ce fastocinmu haka suke ba, Allah Ya kiyaye. Na san da yawa da ke ƙauyuka suna noma da hannunsu domin albashin bai isa ba, suna binne mamatanmu, suna kwana a asibiti da marasa lafiyarmu, wasu ma sun rasa rayukansu a hannun 'yan bindiga suna bakin aiki. Irin waɗannan ba sa tsoron tambaya, hasali ma murna suke yi in sun ga alamar ana sauraro. Kuma na yarda cewa masu fargabar buɗe wannan ƙofa suna da hujjarsu. Akwai mai tambaya don neman suna, akwai wanda ya karanta rabin littafi ɗaya ya ɗauka ya fi wanda ya yi shekara huɗu a makarantar tauhidi, akwai kuma wanda ba zai je wurin fasto ba sai dai ya hau Facebook ya yi masa tsirara a idon duniya. Mun kuma ga yadda gardama ke raba majami'a gida biyu. Ga al'adarmu ta kunya da girmama na gaba, wadda ni ma ba na so mu yar.

Sai dai maganin tambayar banza shi ne a tsara yadda za a yi tambayar kirki, domin in aka toshe ƙofa gaba ɗaya, tambayar ba ta mutuwa, komawa take yi gulma a bakin rijiya da cikin mota a hanyar gida. Matasanmu kuma, waɗanda ke cin karo da tambayoyi masu zafi a jami'a da intanet, in ba su samu amsa a gida ba za su neme ta a wani wuri, ko su bar zuwa gaba ɗaya, kuma mun fara gani. A nan ina ganin akwai abin koyi a wurin maƙwabtanmu Musulmi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da wurin karatu ko tafsiri ya ga yadda ake miƙa wa malam takardun tambaya bayan an kammala, ga shirye-shiryen fatawa a gidajen rediyo, kuma ba baƙon abu ba ne a ce wa malami ya kawo hujja daga littafi. Wannan bai rage wa malaman ƙwarai daraja ba.

Saboda haka ga shawarwarina ga shugabanninmu na ECWA da ikkilisiyoyin TEKAN da Angilika da Katolika da Baftis da sauransu. Na farko, kowace majami'a ta ware lokaci, ko da minti talatin ne bayan sujada ko a taron tsakiyar mako, domin tattauna wa'azin Lahadin da ta wuce, mai wa'azin yana zaune, Littafi a buɗe. Na biyu, a ajiye akwatin tambaya a bakin ƙofa saboda masu jin nauyi, musamman mata da matasa, a riƙa amsawa a fili ba tare da neman wanda ya rubuta ba. Na uku, mai wa'azi ya riƙa faɗin sura da aya a sarari, ya ba jama'a lokaci su buɗe, kada ya tsinci rabin aya ya gudu da ita. Na huɗu, dattawa su daina ba baƙon da ba su san koyarwarsa ba bagadi don kawai yana tara jama'a ko yana tara baiko, kuma in ya faɗi abin da ba daidai ba, a gyara a gaban waɗanda suka ji, tunda a gabansu aka yi ɓarnar. Na biyar, ƙungiyoyin Zumuntar Mata da na matasa da na maza su mayar da wani kaso na lokacinsu ga nazari, kada taro ya ƙare a kan anko da karo-karo kaɗai.

Mu ma masu zama a benci akwai namu. In bera da sata, daddawa ma da wari. Yawancinmu ba ma buɗe Littafi daga Lahadi sai Lahadi, to da me za mu auna abin da aka faɗa mana? Wanda zai yi tambaya ya fara yin karatu, ya yi addu'a, ya je wurin mai wa'azin shi kaɗai tukuna kamar yadda Matiyu sura 18 ta tsara, da ladabin ɗa a gaban uba, yana mai shirin karɓar gyara in shi ne bai gane ba. In abin bai warware ba ya nemi dattijo ɗaya ko biyu. Kuma ya tuna cewa tambayar da ta fi amfani a ɗakin nan na Bani Malik ba wadda aka yi wa nassi ba ce, wadda aka yi wa ƙanena ce a kan Riyal ɗari uku. Wato wanda ke son ya binciki wa'azin fasto, ya yarda shi ma a binciki zamansa da matarsa, da mudun da yake awo da shi a kasuwa, da bashin da ya ƙi biya, da irin maganar da yake yi a kan maƙwabcinsa Musulmi in ba ya nan. Kowannenmu na bukatar mutum biyu ko uku da ya ba su izinin su tambaye shi irin wannan ba tare da ya yi fushi ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Yau ɗakin da su ƙanena suke haɗuwa babu shi, katafila ta bi ta kansa, mutanen kuma sun watse, wani ya koma Kumasi, wani Addis Ababa, wani ya sake unguwa. Amma har yanzu duk Juma'a sukan kira juna a waya, kuma ya ce tambayar farko bayan gaisuwa ita ce me ka karanta a makon nan, ta biyu kuma me ka yi da shi. Shi da wasu matasa huɗu sun fara irin wannan zama a zauren gidanmu ran Laraba da yamma, kuma makonni kaɗan da suka wuce faston unguwarmu, wani dattijo mai sauƙin kai, ya zo ya zauna a tabarma tare da su. Aka yi masa tambayar da ya ce a ba shi mako guda ya je ya duba. Ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu fastoci da dattawa su ɗauki wannan rubutu a matsayin shawarar ɗa, in na yi kuskure a ciki ƙofata a buɗe take, a zo da Littafi a nuna mini. Matambayi dai ba ya ɓata. Allah Ya ba mu kunnen ji da zuciyar karɓar gyara, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.